Bindigar da Aka Yi wa Fenti Sau Biyu: Nazarin Wani Aiki a Zariya

Bindigar ta farauta ce, mai baki biyu a jere, lamba 12 a ma'aunin faɗin baki, ƙirar Birmingham ta Ingila. Mai ita dattijo ne a Tudun Wadan Zariya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya yanki lasisinta tun yana bakin aiki, yana kuma sabunta shi a kan kari. Yana da gona a hanyar Giwa, kuma in an kawar da amfani yakan fita da ita neman zabin daji da makwarwa. Shekara da shekaru kulawar da yake mata ba ta wuce tsumma da mai ba. In ya dawo ya goge ta, ya zura tsumma a cikin bututun, ya shafa mai, ya ajiye. Hakan ya ishe ta muddin ana yi.

Sai ciwo ya kwantar da shi damina guda cur. Bindigar tana cikin kuben fata, jingine da bango a ƙuryar ɗaki. Jemammiyar fata tana shan laima ta riƙe, kuma abin da aka jeme ta da shi yana cin ƙarfe. Da aka zaro ta bayan kaka, tsatsa ta yi mata ja tun daga baki har inda hannun hagu yake riƙewa. Ɗansa, don ya faranta wa mahaifinsa, ya kira wani mai fentin mota har gida. Mai fentin ya goge ta da samfefa, ya wanke da fetur, ya fesa mata baƙin fenti mai sheƙi, bai bar ko'ina ba sai katakon ƙota. Kowa ya gani ya yaba. Kafin damina ta biyu ta kai tsakiya fentin ya fara ƙuraje, yana ɓarewa a layin da ke tsakanin bututun biyu, kuma bindigar ta yi tauri wajen rufewa.

A nan ne aikin ya zo hannun wani tsohon ma'aikacin ɗakin makamai da ya yi ritaya, mai riƙe da izinin gyara daga rundunar 'yan sanda, wanda muke kira Oga. Ni sana'ata kare ƙarfe daga tsatsa ce: ƙofofi, tankuna, kayan injin noma. Ba na gyaran bindiga, doka ma ba ta ba ni dama ba, don Dokar Makamai ta 1959 ta ɗaure mallakar bindiga da lasisi, ta kuma ɗaure gyaranta da izini. Oga ne ya nemi in zauna da shi saboda ɓangaren fenti. Abin da ya fara yi, tun kafin ya taɓa sukudireba, shi ne ya buɗe ta ya tabbatar babu harsashi, ya karɓi lasisin, ya gwada lambar takarda da lambar jikin ƙarfe. Lambar ma sai da ya kankare fenti da ɗan tsinke kafin ta karantu, don mai fentin ya binne ta tare da hatiman gwaji da ke ƙarƙashin bututun. Waɗannan hatimai na gidan gwajin bindigogi ne na Birmingham, wanda aka kafa tun 1813, kuma su ne shaidar cewa an gwada ƙarfin bututun kafin a sayar. A yanayin tsaron da ake ciki a wannan yanki namu, bindigar da lambarta ba ta karantuwa tana iya jefa mutumin kirki cikin tuhumar da bai ji ba bai gani ba. Oga ya ɗauki hoton kowace alama ya ajiye.

Abin da ɓawon fentin ya nuna

Duk wanda aka kawo wa fentin da ya ɓare, ya juya ɓawon ya dubi bayansa, a can labarin yake. Mun ɗago ɓawo daga wurare daban-daban, kowanne da abin da ya faɗa. Na gefen bututu bayansa ja ne, da garin tsatsa manne a jiki. Samfefa ta share saman ƙarfen ya yi haske, amma ba ta isa cikin ƙananan ramukan da tsatsa ta haƙa ba, sai aka rufe tsatsa da ranta. Na layin tsakiya kuwa bayansa santsi ne, in ka murza da yatsa ka ji maiƙo. Wannan man shekara da shekaru ne da ya ɓuya a lungun da bututu ya haɗu da ƙarfen tsakiya, ya riƙa tsattsafowa duk sa'ad da rana ta ɗumama bindigar. Fetur ba ya fitar da irin wannan mai. Yana narkar da na sama ya baza shi ko'ina, in ya bushe kuma ya bar nasa maiƙon. Na kan gidan kunama, wato ƙarfen da ke tsakanin bututu da ƙota, ya ɓare fes, ba tsatsa ba maiƙo, don ƙarfen wurin mai tauri ne kuma sumul, fentin bai sami inda zai kama ba.

Mutumin Zariya ya san wannan a jikin gini. In aka shafe katangar ƙasa da siminti alhali tana da danshi a ciki, shafen zai yi kyau shekara guda, daga baya ya kumbura ya faɗo da ƙasar da ke bayansa, ɓarnar ta fi ta da. Haka ta faru da wannan bindiga. Tsatsar da ke ƙarƙashin fentin ta fi wadda aka rufe tun farko zurfi, domin da ƙarfen yana buɗe yana samun mai, da aka rufe shi kuwa laima tana shiga ta tsagar fenti, mai ba ya isa wurin.

Taurin rufewar kuma dalilinsa a fili yake. Fentin mota da shimfiɗarsa yakan haura maikron 100 a kauri, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita. A jikin ƙofar mota wannan ba komai ba ne. A wurin da bututun bindiga yake zama a kan gidansa, inda maƙerin ya goge ƙarfe da ƙarfe har suka zauna daram, wannan kaurin ya isa ya hana makullin shiga har ƙarshe. Bindigar da makullinta bai gama kamawa ba, harba ta ganganci ne. Wannan ya fi ɓarewar fentin tayar min da hankali, don dattijon ya fita da ita a haka.

Me ke ƙarƙashi tun asali

Kafin a zaɓi abin da za a shafa, sai an san abin da maƙerin farko ya yi wa ƙarfen, domin kowane iri da yadda ake tunkararsa. Baƙin da aka saba gani a bindigogin farauta ba fenti ba ne. Fuskar ƙarfen ce da kanta aka mayar da ita baƙar tsatsa mai kwanciya, wadda kaurinta bai wuce maikron ɗaya ko biyu ba. Ita kaɗai ba ta da wata kariya ta a zo a gani, aikinta ta riƙe mai, man ne ke hana laima. Shi ya sa dattijon ya ci riba tsawon shekaru da tsummansa, shi ya sa kuma damina guda ba mai ta isa ta lalata ta. Bindigogin soja da yawa wani iri ne da su, toka-toka mai kaushi, wanda ake samu ta hanyar tsoma ƙarfe a ruwan fosfet mai zafi kusa da tafasa. Wannan yana da ƙofofi kamar soso, yana shan mai, kuma in an fitar da man sarai shimfiɗa ce mai kyau ga fenti. Wasu sababbin bindigogin kuma gidan kunamarsu na alminiyam ne da aka taurara fuskarsa da lantarki. Maganaɗisu ba ya kama shi, da haka ake gane shi, kuma wannan ɓawon mai tauri ba a kankare shi, ana ɗan dusashe shi ne kawai, don in ya tafi ƙarfen da ke ƙasa laushi gare shi.

A tamu bindigar iri biyu muka tarar. Bututun baƙin gargajiya ne. Gidan kunama kuwa an taurara fuskarsa da wuta irin ta maƙeran Ingila, wadda ke barin dabbare-dabbaren shuɗi da ruwan ƙasa, kuma har yanzu akwai ragowar launin a lungunan da hannu ba ya kaiwa.

Maganar tanda

Ɗan dattijon ya zo da nasa ra'ayin. Ya ce, "Oga, ni dai wanda na gani a waya nake so a yi mata, wanda ake gasawa a tanda. An ce da ƙyar wuƙa ke kankare shi."

Cerakote yake nufi, wani fenti mai haɗin garin tangaran da wani kamfani a jihar Oregon ta Amurka yake yi. Abu ne mai kyau, ba ni da ta cewa a kansa. Ana fesa shi siriri, maikron 12 zuwa 25, kuma nau'insa da aka fi sani ana gasa shi awa biyu a zafin digiri 121 na ma'aunin Salsiyos, ko awa ɗaya a digiri 149. Kafin feshin ma akan gasa ƙarfen tsirara a irin wannan zafin don ɓoyayyen mai ya fito.

Oga bai yi masa musu ba. Ya ce, "Miƙo min igiyar can tukuna." Ya cire bututun daga gidansa, ya rataye shi, ya ƙwanƙwasa da gindin sukudireba. Bututu mai lafiya yakan yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Wannan ya yi ƙara, amma da wani ɗan kaushi a ƙarshenta. Oga ya bi layin tsakiya yana dannawa da babban yatsa, har ya zo kusa da maƙalin katakon gaba, sai ga ɗigon baƙin mai ya ɓullo daga wata tsaga da ido bai gani ba.

Abin da yawancin masu fenti ba su sani ba shi ne, tsofaffin bindigogi masu baki biyu ba walda aka yi musu ba. Bututun biyu da siraran ƙarafan da ke rufe tsakaninsu, sama da ƙasa, da dalma aka liƙa su, haɗin dalma da kuza, wanda ke fara narkewa a wajen digiri 183. Tsakanin 149 da 183 akwai rata a takarda. To amma wace tanda? Tandar da aka yi don wannan aiki tana riƙe zafi daidai a kowane lungu. Tandar girki ko ta burodi kusa da wutar takan zarce abin da agogonta ya nuna nesa ba kusa ba, ga wutar lantarkinmu mai zuwa da ƙarfi ta koma da rauni. Dalmar da ta riga ta tsage, in ta sha irin wannan zafi da ɓoyayyen mai yana tafasa a bayanta, ba wanda zai ba ka tabbacin abin da zai fito. Kuma tandar da aka gasa irin wannan fenti a ciki ba ta sake komawa ta abinci.

Haka nan aka soke maganar mayar mata da baƙinta ta hanyar dafawa a ruwan soda mai zafi, irin yadda masana'antu ke yi a wajen digiri 140. Zafin bai kai ya narkar da dalma ba, amma sodar kanta tana cinye ta. Bindigogi masu baki biyu da dama sun rabu gida biyu a irin wannan tukunya. Ruwan fosfet ma Oga ya ƙi, don tsoron kada ya shige ramin da ke tsakanin bututun ya zauna can yana cin ƙarfe ta ciki. Ya ce da mai baki ɗaya ce, wadda ba ta da liƙin dalma, da fosfet zai fara yi mata kafin kowane fenti.

Saura zaɓi biyu. Ko a mayar mata da baƙinta ta hanyar gargajiya, wato a sa mata tsatsa da gangan siririya, a tafasa a ruwa ta koma baƙa, a goge, a maimaita har launin ya kama. Ko a fesa mata fenti na zamani mai bushewa da iska ba tare da tanda ba. Ni ra'ayina na farkon ne, kuma na faɗa. Bindiga irin wannan darajarta tana cikin kamanninta na asali, kuma baƙin gargajiya ba ya ɓoye komai, in tsatsa ta taso za a gan ta ran da ta taso. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na ji, kuma gaskiya ka faɗa. Amma ƙarfina ya ragu, ba kullum zan iya zama da tsumma ba. A yi wa bututun abin da zai jure raɓar fadama. Gidan kunamar kuwa a bar min shi yadda maƙerinsa ya yi shi." Dukiyarsa ce, kuma hujjarsa ta fi tawa kusa da yadda zai yi amfani da ita. A kan haka aka tsaya.

Fenti, maiƙo, gishiri, ramuka

Oga ya wargaza ta ɗaya bayan ɗaya, ya ware katako gefe, ya zuba sifirin da ƙananan kusoshi a gwangwanaye daban-daban. Tsohon fentin da ruwan cire fenti aka tausasa shi aka kankare da katako. Hanyoyi uku da aka saba da su a garejin mota duk an guje su. Ba a ƙona shi da wuta ba, saboda dalma da kuma taurin ƙarfe. Ba a jiƙa shi a soda ba. Ba a kuma kusanto da ruwan batir ba, wanda wasu ke cire tsatsa da shi: yana maƙalewa a cikin ramuka ya ci gaba da ci, kuma ƙarfe mai tauri irin na sifirin in ya sha shi yakan yi gautsi ya karye ba gargaɗi.

Sannan aka wanke bututun da tafasasshen ruwa da sabulu, aka ɗauraye, aka busar nan take da zafin da ƙarfen ya ɗauka. Mutane kan yi mamakin a sa wa ƙarfe ruwa alhali tsatsa ake yaƙi da ita. Dalilin gishiri ne. Gumin hannu yana barin gishiri a cikin ramukan tsatsa, gishiri kuwa ba ya narkewa a tina ko asiton, waɗanda ake wanke fenti da maiƙo da su, sai a ruwa. In aka rufe shi da fenti zai riƙa janyo laima ta cikin fentin har ya tayar da ƙurji. Wannan ya fi shafar bindigogin toka irin na 'yan bindigar da ke rakiyar hawan Sallah a fadar Zazzau, don tokar albarushi tana shan laima fiye da gumi, kuma masu su sun daɗe da sanin cewa da ruwan zafi ake wanke ta.

Da ƙarfen ya fito tsirara sai aka zo abin da na ɗauka shi ne zuciyar aikin, wato duba ramukan. Fenti ba ya cike rami, kuma ba ya mayar da ƙarfen da tsatsa ta cinye. Bangon bututun bindigar farauta siriri ne tun asali, musamman daga tsakiya zuwa gaba, kuma masu gyara a Ingila kan ɗauki kusan rabin milimita a matsayin iyakar da ba a son a gaza. Oga yana da ma'aunin kaurin bango, ya bi kowane rami mai zurfi ya auna, ya leƙa cikin bututun a hasken rana. Mafi muni suna ƙarƙashin katakon gaba, inda kuben ya fi matsewa. Sun haura iyakar da 'yar rata. Da sun gaza, ya gaya wa dattijon tun kafin ya auna, ba zai fesa mata komai ba, sai dai a rataye ta a bango ta zama abin tarihi, domin fesa wa bututu mai rauni sabon fenti yaudarar wanda zai harba ne. Mai fentin farko ya so ya cike ramukan da fotin gyaran mota, Allah ya sa bai yi ba. Mu ma ba mu cike su ba. An bar su a ga inda suke.

Tsagar dalmar Oga ya buɗe ta, ya tsabtace, ya sake liƙawa. Ruwan da ake sa wa dalma don ta kama yana da tsami mai cin ƙarfe, don haka ya wanke wurin da ruwan zafi da sodar girki, ya ɗauraye sosai. Da ya sake rataye bututun ya ƙwanƙwasa, ƙarar ta fita tas.

Duk wannan a watan Agusta aka yi, tsakiyar ruwa. Nan muka tsaya.

Jiran iska ta bushe

Ɗan dattijon bai ji daɗin tsayawar ba, yana ganin an gama mai wuyar. Na yi masa bayani cewa ƙarfen da aka kankare da yashi ba shi da komai a jikinsa, kuma a laimar Agusta ta Zariya kafin ka sha shayi ka dawo ya fara sauya launi. Ƙa'idar masu fentin ƙarfe ita ce kada a yi feshi in laimar iska ta haura kashi 85 cikin ɗari, kuma dole ne ƙarfen ya fi zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3. Wanda ke da ɗaki mai na'urar busar da iska ba ruwansa da wata. Mu ba mu da shi. Tsakiyar hunturu kuma iska ta bushe amma ƙura ta cika ta, kowane ƙwayar hazo da ya sauka a ɗanyen fenti ya zauna ke nan. Lokacin da ya fi dacewa a nan shi ne ɗan tsakanin, daga ɗaukewar ruwa a ƙarshen Oktoba zuwa kafin hazo ya yi kauri. Aka shafa wa bututun mai marar kauri aka naɗe a takarda. Na roƙi kada kowa ya kusanto da man goge gaban mota, mai silikon, don shi in ya taɓa ƙarfe fenti yakan riƙa gudu daga wurin ya bar ƙananan idanu, kuma fitar da shi aiki ne ja.

Da Nuwamba ta kama aka koma kan maiƙo, kuma nan ne aikin ya fi cin lokaci. Tunda ba za a gasa a tanda ba, rana muka sa ta yi mana. A jiƙa bututun a asiton cikin rufaffen bututun ƙarfe, nesa da wuta da sigari, a fitar, a shanya a kan baƙin kwano da tsakar rana har ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, sannan a bi layin tsakiya da gindin maƙali da farin ƙyalle. In ƙyallen ya ɗauko launi, a koma asiton. Haka aka yi ta yi. Ranakun farko ƙyallen yana fitowa da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa daga wuraren da za ka rantse sun bushe. Sai da ya fito fari sau da dama a jere muka yarda.

Tsarin nan yana da muhimmanci: fitar da mai tukuna, sannan kankara. In aka juya, yashin yana tura man cikin fuskar ƙarfen, kuma shi kansa ya gurɓace ya shafa wa duk abin da aka kankare da shi daga baya.

Kafin kankarar Oga ya toshe bakin bututun da gindinsu da roba, ya rufe da salatif duk inda ƙarfe ke zama a kan ƙarfe: ƙugiyoyin da ke ƙasa, fuskar da ke haɗuwa da gidan kunama, mazaunin abin fitar da kwanson harsashi, da shimfiɗar da lamba da hatimai suke. Ba kankara, ba fenti a waɗannan wurare.

Abin kankarar garin alminiyam oksaid ne, lamba 120, sabo, wanda bai taɓa jikin wani ƙarfe ba. Yana da kaifi, yana barin fuskar ƙarfe da ɗan kaushi mai toka-toka wanda fenti ke kamawa. Ƙwayoyin gilas da wasu ke amfani da su zagaye suke, suna daddaɓe ƙarfen ne ya yi santsi, abin da ba a so ke nan. Yashin rafi kuwa, ko na Kubanni ko na Galma, ina roƙon abokan sana'a su rabu da shi ko a kan ƙofa ne. Girmansa ba ɗaya ba ne, yana ɗauke da laka da gishiri, kuma ƙurarsa tana taruwa a huhu ta jawo ciwon da ba ya warkewa. Ko da garin da ya dace, sai da abin rufe hanci na gaske, ba ƙyalle ba. Masu yin fentin sun ba da shawarar iska 80 zuwa 100 a agogon kwamfiresa, irin ma'aunin da masu faci ke duba taya da shi. Oga ya rage ƙasa da haka saboda sirantar bangon da laushin dalma, ya fara gwadawa a kan guntun bututun ruwa, ya kuma riƙa wucewa da sauri a kan layin liƙin. Ni kuma na zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfiresar, na sa matatar ruwa da mai a bakin tiyo, na hura iskar a farar takarda muka ga ba ta bar tabo ba. Kwamfiresa da yawa a garejinmu suna tofa ruwa da mai tare da iska, mai feshi bai sani ba, ya ɗora laifin a kan fenti.

Daga lokacin da aka gama kankara ba wanda ya sake taɓa bututun da hannu tsirara. Safar hannu mai tsabta, waya ta ratayewa, iska mai tsabta ta kore ƙura. Muka duba cikin ramukan da gilashin ƙara girma, muka ga ba sauran ja a ƙasansu. A wannan safiyar, kafin azahar, aka yi feshin, siriri, baƙi marar sheƙi, a ɗakin da aka yayyafa wa ƙasansa ruwa tun da asuba aka rufe tagoginsa. Feshin kansa bai kai rabin awa ba. Irin wannan mai bushewa da iska yana son kwana biyar kafin ya gama tauri, kuma bai kai na tanda jure gogayya ba, mun gaya wa dattijon haka tun farko. Oga ya bar shi a rataye har ya cika kwanakinsa kafin ya haɗa.

Bayan cire tsohon fentin, gidan kunama asiton da burushi mai laushi kawai ya gani, sai ɗan mai. Da aka haɗa ta, ta rufe da ƙarar da ta saba tun asali, makullin ya shige har ƙarshe. Oga ya sake gwada lambar da takarda a gaban mai ita kafin ya miƙa masa.

Bayan damina guda

Dattijon ya kawo ta a duba bayan ruwa ya ɗauke a shekara ta gaba, kamar yadda Oga ya nema. Babu ƙurji ko ɗaya a jikin bututun, layin tsakiya kuma, inda fentin farko ya fara ɓarewa, yana nan lafiya. Fentin ya ɗan goge a gefen baki inda yake gogar kujerar mota, abin da aka sa rai ne. Ramukan suna nan ana ganinsu ƙarƙashin fentin, ba su ƙaru ba. Tsatsa ta ɗan taso wuri guda, a mazaunin abin fitar da kwanso, cikin wuraren da aka bari ba fenti da gangan. Oga ya goge ta, ya nuna wa ɗan dattijon wuraren da har yanzu suke buƙatar ɗigon mai, da cikin bututun, ya ce wannan aikin yanzu nasa ne duk bayan fita da kuma sau ɗaya a wata in damina ta sauka. Kuben fatar an daina ajiye ta a ciki sai in za a fita. Tana cikin akwatin ƙarfe mai makulli da aka ɗaga daga ƙasa aka janye daga bango, harsasai kuma a wani wuri daban.